Yadda Ake Gane Ko Kayan Sauti Masu Tsada Sun Cancanci Kuɗinsu

Kamfanin Sennheiser na Jamus yana da lasifikar kunne mai suna HE 1 da kuɗinta ya haura dala 50,000, akwai kuma wayoyin haɗa lasifika da ake sayarwa dubban daloli. Kafin ka zuba guminka a irin waɗannan kaya, ko ma waɗanda ba su kai su tsada ba, gwada su da kanka, ka kwatanta su da masu araha.

Fara da zaɓen waƙa ko karatun da kunnenka ya saba da shi sosai, ka tafi da shi shagon. Mai shago ya san waƙar da ke fito da kyawun kayansa, ita zai sa maka.

Sai ka daidaita ƙara. Nan ne mafi yawan masu saye ke faɗawa tarko. Idan na'urori biyu suna fitar da sauti, kunne yakan zaɓi wadda ta ɗan fi ƙara, ya ce ita ce mai daɗi, ko da bambancin bai taka kara ya karya ba. Sauke manhajar auna ƙara a wayarka, ka ajiye ta inda za ka zauna, ka tabbatar duka biyun suna bugawa daidai.

Daga nan ka juya baya, abokinka ya riƙa sauya na'urorin ba tare da ya faɗa maka wace ce ba. A yi haka kamar sau goma, kana rubuta abin da ka zata. In ka dace sau biyar ko shida kawai, cinta ce, ba ji ba ne. Wannan matakin nake so ka fi riƙewa, domin ido yana yaudarar kunne. A 1994 masu binciken sauti Floyd Toole da Sean Olive sun nuna cewa mutane kan sauya hukuncinsu kan lasifika da zarar sun gan ta. A 2007 kuma wasu masu binciken, Brad Meyer da David Moran, suka yi gwaji fiye da sau 500 tsakanin sautin faifan CD da na faifan da ake cewa ya fi shi inganci, masu sauraro suka dace a kusan rabi kacal.

In ka ji bambanci na gaske, yawanci daga lasifika yake, don haka can ya kamata kaso mafi girma na kuɗinka ya tafi. Amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai ƙarfin da ya ishi lasifikar ta wadatar. Waya kuwa, ta jan ƙarfe mai kauri ta isa.

Kada ka manta da ɗakin. Falo mai tayil da bango tsirara yana dawo da amo har muryoyi su cakuɗe, ko lasifikar ta miliyan nawa ce. Shimfiɗa kafet, rataya labule mai kauri, janye lasifikun daga jikin bango, ka zauna ta yadda nisanka da kowace zai yi daidai da tazarar da ke tsakaninsu. Inda wuta ke yawan hawa da sauka, ware kuɗin sitabilaiza tun kafin ka biya na lasifika.