Kurakuran da sabon zuwa ke yi a Inuvik, garin da rana ke ɓuya wata guda

Inuvik ƙaramin gari ne a can ƙuryar arewacin Kanada, a gefen kogin Mackenzie, mazauna cikinsa ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba. Aiki ne ke kai mutane can: asibiti, makaranta, kanti, tuƙin tasi. Mafi yawan wahalar da baƙo ke sha a shekararsa ta farko tana zuwa ne daga yarda da abin da idonsa ya gani da abin da jikinsa ya saba, alhali a garin nan kalanda da agogo da shawarar 'yan gari ne ke aiki.

A fara da sutura, don a nan ake jin jiki da wuri. Baƙo yakan sayi ƙatuwar riga guda mai tsada, ya sa ta a kan singiletin auduga, ya ɗauka ya gama. Auduga tana shan zufa ta riƙe, da ka tsaya tafiya sai jiƙar nan ta koma sanyi a jikinka. Gyaran shi ne hawa uku: ta ciki ta ulu ko ta roba mai tsane zufa, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska. Takalmi kuma ya fi ƙafarka kaɗan. Masu cusa safa uku a cikin matsattsen takalmi suna hana jini gudu, yatsunsu ne ke fara mutuwa. Safar hannu mai haɗa yatsu huɗu wuri guda ta fi mai rarrabe su ɗumi. Waya ta zauna a aljihun ciki, don sanyi yana zuƙe batir nan da nan.

Kada ka duba awon sanyi kawai, ka duba har da ƙarfin iska. Idan sanyi da iska suka haɗu suka kai 40 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 5 zuwa 10. Alamarta ita ce kunne ko kan hanci ya yi fari-fari, ya yi tauri, ka daina jinsa. A baƙar fata launin ba ya fita sosai, yakan yi toka-toka ne, don haka rashin ji shi ne abin lura. Kuskuren da aka fi yi shi ne murza wurin ko kanga shi ga wuta. Kada ka yi. Shiga ɗaki, ka sa a ruwa mai ɗumi-ɗumi, yatsu kuwa ka cusa su a hammata. In ya yi bororo, sai asibiti.

Akwai wanda nake roƙon kowa da girman Allah ya kiyaye. A gida, lokacin hunturu, mun saba shigar da kaskon gawayi ɗaki. Gidajen can a toshe suke ruf, iska ba ta shiga ba ta fita, hayaƙin gawayi kuma ba ya wari, cikin barci yake kashe mutum. Haka ma barin mota a kunne a rufaffen gareji. Motar kanta ba da haka ake kula da ita ba: akwai wayar lantarki da ke leƙowa ta gabanta, ita ake jonawa a soket ta ɗumama injin kafin a tayar.

Sai duhu. Daga farkon Disamba zuwa farkon Janairu, kusan kwana 30, rana ba ta fitowa, sai ɗan haske da tsakar rana. Wanda ya ce sai gari ya waye zai tashi, zai wayi gari barcinsa ya rikice, zuciyarsa ta yi nauyi, bai san dalili ba. Ka tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, ka fita ka taka a ɗan hasken nan ko da na minti ashirin ne. Ka tambayi likita batun sinadarin bitamin D, domin baƙar fata ta fi jinkirin samar da shi, ga rana babu.

Sallah ma da agogo ake yinta. A bazara rana takan kwana kusan 56 ba ta faɗi ba, manhajar waya kuma sai ta ruɗe ta ba ka lokutan da ba su da kan gado. Malamai sun ba da mafita: a bi lokacin Makka ko na wani gari da dare da rana ke rarrabuwa. Kada ka yanke wa kanka hukunci kai kaɗai a ɗaki. Garin yana da masallaci, wanda aka gina a Winnipeg aka ɗauko shi a mota da jirgin ruwa, tafiyar sama da kilomita 4,000, ya iso a 2010. Ka je ka bi jadawalin jama'a. A can za ka ji inda ake samun naman halal da wanda ke da ɗakin haya.

Cefane yana da kakarsa. Hanyar Dempster, wadda kaya ke biyowa, tana ƙetare koguna biyu, Peel da Mackenzie. Da bazara jirgin fito ke ƙetarar da motoci, da hunturu kan ƙanƙara ake bi. Tsakanin biyun, lokacin da ruwa ke daskarewa a kaka da lokacin da yake narkewa, hanya takan yanke na makonni, sai jirgin sama ke kawo kayan miya da madara, farashi ya tashi. Shinkafa, mai, wake, fulawa, a tara su tun kafin nan. Wanda ya taho da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ya fara duba abin da dokar shigo da abinci ta yarda, ya kuma bayyana su a filin jirgi.

Bazara tana da nata. Ka sa labule mai kauri tun watan Mayu, in ba haka ba ƙarfe biyun dare za ta same ka ido biyu. Sauro kuma yana fitowa da yawan gaske. Ba ya kawo zazzaɓin maleriya, amma ka tanadi maganin shafawa da riga mai dogon hannu kafin Yuni ya ƙare.