Yadda Ake Kallon Fitowar Rana da Tsuntsayen Hunturu a Lindisfarne

Lindisfarne tsibiri ne a gaɓar Northumberland, arewa maso gabashin Ingila, kuma hukumar Natural England ce ke kula da gandun halittun da ke kewaye da shi. Wanda yake son ya ga fitowar rana a wurin cikin hunturu, abu na farko da zai nema shi ne jadawalin cikar teku, domin hanyar motar da ta haɗa tsibirin da gaɓa ruwa yana shanye ta sau biyu a kowace rana. Ƙaramar hukumar Northumberland tana wallafa lokutan da ake iya ƙetarewa lafiya a intanet, kuma bai kamata a yi wa lokutan nan ƙarin ko da minti ɗaya ba, don an sha ceto direbobin da ruwa ya rutsa da su a tsakiyar hanya.

A ƙarshen watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8:30, daga kudu maso gabas. Ka isa da kusan awa guda kafin nan, ka tsaya inda teku ke gabanka, domin jan da sararin sama yake yi kafin hudowar rana ya fi ranar kanta kyau.

Tsuntsun da ya fi cancanta ka nema shi ne ƙaramar dinyar nan mai baƙin wuya da farin ciki, wadda take tasowa daga tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe ta yi hunturu a nan tana kiwon ciyawar teku a kan laka. Akwai kuma agwagin ruwa da tsuntsaye masu dogon baki da ke tsintar abinci a taɓo, sannan a kan tudun yashi akan ga dabbar tekun da ake kira sil tana kwance. Lokacin da ruwa ke cikowa ne yake koro tsuntsayen kusa da gaɓa har a gan su sosai, amma a daidai lokacin ne hanya take rufewa. A ganina, dabara ita ce a zaɓi ranar da za a shiga da asuba, a yarda a zauna a tsibirin har ruwa ya janye.

Sanyin wurin da iska yake zuwa, saboda haka ka jera tufafi kala biyu ko uku, ka sa safar hannu da takalmin da ruwa ba ya ratsawa, ka riƙe shayi mai zafi da madubin hangen nesa. Kada ka matsa kusa har garken ya tashi, domin kowane tashi na firgita yana cinye kitsen da tsuntsu yake buƙata don ya kai bazara. Idan ka ga sun daina kiwo sun ɗaga kawuna, ka ja da baya.