Yadda za ka kai rahoton illar magani bayan ya shiga kasuwa

Gwajin da ake wa magani kafin a sake shi, mutane 'yan dubbai ne kawai, galibi ma babu masu ciki, shi ya sa wata illar sai miliyoyi sun sha take fitowa. Vioxx, wani maganin rage ciwo, ai shekara biyar ana shan sa kafin a janye shi a 2004 saboda bugun zuciya.

To in ka sha magani ka ga baƙon abu, ƙuraje ko kumburi ko jiri, kar ka yar da kwalin. Rubuta sunansa da lambar da ke jiki da ranar da ka fara da yawan da kake sha da duk abin da kake haɗawa da shi, har na gargajiya, don wannan ne mutane suka fi ɓoyewa. Ka kai wa likita ko mai famasi ya cike fom zuwa hukumar magunguna, daga nan rahoton ya wuce cibiyar Uppsala a Suwidin da ke tattara wa Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) irin waɗannan rahotanni.

Ba sai ka tabbata maganin ne ba fa, zargi ya isa. Maganin da bai yi aiki ba ma a faɗa, ƙila jabu ne.

Amma in numfashi na sarƙewa, asibiti tukuna, fom daga baya.