Yadda ake kafa wa murhun itace bututun da zai ja hayaƙi

A ƙauyukan Ringim, Gumel da Bichi akwai gidajen da aka gina wa uwargida murhun ƙasa mai bututu, amma har yau in ta zo tuƙa tuwo idonta na zubar da hawaye. Sau da yawa matsalar daga bututun take. Hayaƙi mai zafi ya fi iskar waje sauƙin nauyi, shi ya sa yake hawa sama, yana hawa kuma yana zuƙo sabuwar iska ta bakin murhu. Bututun shi ne zugazugin wutar. In bai ja ba, ko da busasshen marke ka zuba, turnuƙewa za ta yi.

Fara da zaɓen wuri, tun kafin a kwaɓa ƙasa. Tsaya inda murhun zai zauna ka ɗaga kai: bututu zai iya miƙewa ɗoɗar har ya huda rufi? Kowace kwana da aka yi masa tana rage jansa, kuma a nan kunkunniya ke taruwa. In dole sai ta bango zai fita, a karkata shi sama, kada a kwantar da shi. Haka kuma madafin na buƙatar taga ko ƙofa a buɗe, domin iskar da ke fita ta sama sai an sami wadda za ta maye gurbinta.

Sai faɗi da tsayi. Ga murhun gida mai tukunya biyu, ka sa maƙeri ya naɗe maka langa-langa ya zama bututu mai faɗin baki inci 4 zuwa 5. In ya yi siriri zai shaƙe, in ya cika faɗi hayaƙin zai huce a hanya ya kasa hawa. Tsayinsa daga murhu ya kai mita 2 zuwa 3, kansa kuma ya zarce ƙololuwar rufi da ƙafa 2. Wannan ƙafa 2 ita ce magina suka fi yi wa rowa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, in ta bugi katanga ko darbejiyar da ta fi bututun tsayi sai ta juyo ƙasa, ta mayar da hayaƙin cikin madafi.

Wurin da bututun ya ratsa rufi yana son kula. Langa-langa na ɗaukar zafi sosai, don haka a bar tazarar kamu guda tsakaninsa da azara, katako ko ciyawa. In jinka ce, gara a fitar da shi ta bango, ko a gina ƙasansa da tubali, wanda ma ya fi riƙe zafi. A kansa a ɗora hular kwano saboda ruwan damina, amma a ɗaga ta da tsayin tafin hannu, kada ta zama murfi.

Yanzu ka dawo kan murhun kansa. Tukunya ta zauna daram a raminta. Duk kafar da ta rage a gefe a liƙe ta da yumɓu da ƙaiƙayi, ramin da babu tukunya a kai kuma a rufe shi da faifan ƙarfe, in ba haka ba ta nan iska za ta riƙa shiga maimakon ta bi ta cikin wuta.

Bayan ginin ya bushe sai gwaji. Ƙona ɗan karan dawa a gindin bututun ya ɗumama, sannan ka kunna tsinken turare ka riƙe a bakin murhu. In zaren hayaƙin ya lanƙwasa ya shige ciki, aiki ya yi. In ya miƙe sama abinsa, akwai toshewa ko tsayi bai isa ba. In kuwa wutar na ruri, itace na ƙarewa tun ruwa bai tafasa ba, jan ya yi yawa. A sa ɗan kwano mai zamewa a wuyan bututun a riƙa rage hanyar, amma kada a taɓa rufe ta ruf da wuta a ciki, musamman in gawayi ne, domin iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa.

Duk mako biyu ko uku a ƙwanƙwasa bututun, a zura tsumma a kan gora a sauke kunkunniya. Da damina, lokacin da ake fama da ɗanyen itace, a yawaita.