Yadda ake tayar da folima da jan ƙarfe da buromin

To wannan hanyar ta haɗa folima, wato doguwar sarƙar ƙananan ƙwayoyin sinadari da ake kira monoma, ana ce mata ATRP, masana kimiyya Matyjaszewski da Sawamoto ne suka fito da ita a 1995, kowa da nasa aikin daban.

Da farko ka tace monoman ka, misali sitairin, ta cikin alumina, wani farin gari da ake tace sinadarai da shi, don a cire maganin da ake sa masa ya hana shi haɗewa. Sai ka zuba mafarin mai buromin irin EBiB, wato sinadarin da sarƙar ke farawa daga gare shi, da ligand kamar PMDETA wanda zai riƙe jan ƙarfen ya narke. Yanzu fa ka kori oksijin da naitirojin sosai kafin ka sa CuBr, wato jan ƙarfe haɗe da buromin, nan ne mutane ke sakaci wallahi, iska kaɗan ta shiga ruwan ya koma kore shikenan aiki ya tsaya.

Da ka ɗora zafi, Cu(I), wato jan ƙarfen da ke cikin CuBr, zai fizge buromin daga mafarin ya zama Cu(II), a bar radikal, wato gefen da aka cire wa buromin, yana kama monoma ɗaya bayan ɗaya, kafin ya yi nisa Cu(II) ya maido masa buromin ɗin ya kwanta, haka dai ake ta yi, shi yasa sarƙoƙin ke tashi kusan tsayi ɗaya. In kana son doguwar sarƙa rage mafari, ƙara monoma.

In ka gama buɗe wa iska, ka sake bi ta alumina jan ƙarfen ya fita.