Gyaran Kaza A Kasuwa: Inda Ake Ɓata Nama

Mai sayar da kaji a kasuwar Nima ko Madina da ke Accra ya sani, abin da ke gurɓata masa nama daga hanjin kazar yake fitowa. Can ƙwayoyin cuta na Salmonella da Campylobacter suke, su ke sa mai saye gudawa da zazzaɓi. Saboda haka a janye wa kaza abinci awa 8 zuwa 12 kafin yanka, a bar mata ruwa kawai, hanjin zai fita bai fashe ba.

Ruwan figa ya tsaya wajen digiri 60 na Celsius. In ya tafasa, fata saɓulewa take yi. A riƙa sake shi, don tukunyar da aka tsoma kaji ashirin ta zama ruwan kashi.

Wajen cire kayan ciki ake yawan yin ɓarna. A tsaga fatar ƙasan ƙirji kaɗan, a zura yatsu a zaro su gaba ɗaya, ba da bakin wuƙa ba. A kula da maɗaciya, koriyar 'yar jakar nan da ke manne da hanta; in ta fashe, naman ya yi ɗaci. Wuƙar yanka daban, ta daddatsa nama daban. Hannun da ya karɓi sidi, wato kuɗin Ghana, kuma sai ya ga sabulu kafin ya koma kan nama.

Zafin Accra ba ya ɗaga wa nama ƙafa, don haka gyararriyar kaza ta shiga ƙanƙara cikin awa ɗaya. Wadda ta mutu da kanta mushe ce, a binne ta. In suna mutuwa da yawa, a kira likitan dabbobi, ƙila murar tsuntsaye ce.