Irin Man da Injin Jirgin Ruwa Yake So

Aikina gyaran injin jirgin ruwa ne a bakin Kwara, nan Yawuri, kuma yawancin injinan da ake kawo mini sun buga, ba tsufa ne ya kashe su ba, mai ne. Mutum zai tara kuɗi ya sayi Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, sannan ya koma yana zuba masa baƙin man mota wai don araha. Abin yana ƙona mini rai, domin injin da ya mutu a tsakiyar kogi ranar kasuwa, jirgi cike da mutane da buhunan shinkafa, ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, rayuka ne a ciki.

Ka fara sanin wane irin inji ne a hannunka. Akwai tu-sitirok, wanda ake haɗa masa mai da fetur a tanki ɗaya, shi ne ya fi yawa a wurinmu. Akwai kuma fo-sitirok, mai ma'ajiyar baƙin mai daban da sandar awo kamar na mota. Man wannan ba ya yi wa wancan.

Shi tu-sitirok, man da ka haɗa shi kaɗai ne ke shafa fiston da boris, sannan ya ƙone tare da fetur ya fita. Saboda haka sai man da ke ƙonewa ba ya barin toka. Juya bayan robar man ka nemi tambarin TC-W3. Wannan tambari ne na NMMA, ƙungiyar masu ƙera kayan jiragen ruwa ta Amurka, ba a kuma sa wa mai wannan tambari sai ya ci gwaji a injin ruwa. Ko Yamalube ne ko wani suna, ni ban damu ba, muddin tambarin yana nan kuma man ba jabu ba ne.

Wani zai ce ai man babur da aka rubuta wa 2T shi ma na haɗawa ne. Gaskiya ne, amma an yi shi ne don injin da iska ke sanyaya shi, mai zafi sosai, kuma sinadaran wankin da ke cikinsa suna barin toka. Injin jirgi ruwan kogi ne ke sanyaya shi, yana kuma gudu da wuta ɗaya awa da awanni, sai tokar ta taru a kan fulogi da kan fiston. In ka rasa TC-W3 a wani tsibiri, ka haɗa 2T ka isa gida, amma kada ya zama abincinsa na kullum. Baƙin man mota kuwa, irin SAE 40 ɗin da ake zuba wa ƙaramin janareta, kada ka kusantar da shi. Idan na buɗe injin da aka saba masa da shi, sai na kankare baƙin datti da ya daskare da wuƙa, ringi ya manne a raminsa ba ya motsi, ƙofar hayaƙi ta toshe saura ɗan rami. Mai jirgin yana ta cewa inji ba ya ja, alhali numfashi ne ya gagare shi.

Sai awo, inda mutane suka fi sakaci. Yawancin injinanmu kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita. Jarka mai lita 25 rabin lita take ci cif. Sabon inji, ko wanda aka sa wa sabon fiston da ringi, a ninka masa a awa 10 na farko: lita guda a jarkar, kuma kada a ba shi wuta duka. Akwai waɗanda kamfani ya ce 100 da 1, don haka ka duba littafin injinka. Ka samu roba mai layin awo ka ajiye ta a jirgi, ka bar awo da ido. Ka zuba man a jarka, ka ƙara fetur kaɗan, ka girgiza sosai, sannan ka cike. Yawancin TC-W3 ana sa masa launin shuɗi ko kore, da ka leƙa jarka za ka gane ko yaron jirgi ya haɗa ko ya manta. Kuma ban yarda da fetur ɗin da ɗan bumburutu ya ce ya riga ya haɗa ba, domin ba ka san abin da ya zuba ba, ba ka san yawansa ba. In mai ya yi yawa za ka ga hayaƙi da jiƙaƙƙen fulogi, wannan da sauƙi. In ya yi kaɗan ba ka ganin komai sai inji ya buga.

Fo-sitirok tambarin mansa FC-W, kauri 10W-30 ko 10W-40. An yi shi don injin da ke zaune cikin danshi, yana hana tsatsa. A juye shi bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100 ko shekara guda, tare da filta. Ka auna inji yana tsaye sak, ba a kishingiɗe ba. In ka ga man yana ƙaruwa a sanda yana warin fetur, kawo shi a duba.

Akwai mai na uku da ake mantawa da shi, na giyar ƙasa wurin farfela. SAE 90 ne na giya, ba baƙin mai ba. Ramuka biyu ne: ka kwance na ƙasa da na sama ya tsiyaye, sannan ka matsa sabo ta ramin ƙasa har ya ɓullo ta sama, ka ɗaure na sama kafin ka zare robar. In ka zuba ta sama iska za ta tare shi, ka ɗauka ya cika. Ka kalli wanda ya fito da kyau. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, kuma galibi igiyar mamari ce ko zaren raga ya naɗe a bayan farfela ya yanka sil ɗin da ke hana ruwa shiga. Cire farfelar ka warware zaren, a canja sil ɗin da washar kusoshin ramukan biyu kafin a zuba sabo.

Game da jabu, ka saya wurin dila sananne, ka duba hatimin murfi bai taɓu ba, rubutun kuma ba ya gogewa da yatsa. In farashin ya faɗi ƙasa da na kowa a kasuwa, ka bar masa kayansa. Robar da ka gama da ita ka huda ta kafin ka yar, don ita masu jabu ke tsinta su sake cikawa. Tsohon mai kuma ka tara a jarka ka fito da shi tudu, kada ka juye a kogin da muke sha muke kamun kifi.